Shekarar da Na Yanke Wayar Baba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Asma'u, kuma shi ya fi yi mini nauyi a duk abin da na ƙudura zan rubuta miki. Ba ki iya karatu ba tukuna, ni kuma ban kai shekarun masu rubuta tarihin rayuwarsu ba. Abin da ya sa na yi gaggawa shi ne wata magana da na ji a wurin wani suna a Trikania. Ina wucewa da ke a goye, wata 'yar uwarmu ta nuna ni da haɓa, ta ce wa ta kusa da ita, waccan ce ta rufe wa ubanta shago. Wata rana za a faɗa miki haka. Ina so kafin ranar ki riga kin ji daga wurina yadda abin ya kasance, har da inda na yi laifi.

Kakanki, Malam Isiyaku, ma'aikacin masaƙa ne a da. Da aka rufe masaƙar sai ya koyi gyaran janareta, ya kama ɗan shago a bakin titi a Nasarawa, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Duk layinmu Baba Janareta ake ce masa. Da kunne yake aiki. Ba ya fara kwance inji sai ya sa an tayar da shi, ya runtse ido ya karkata kai kamar mai sauraron karatu, sannan ya tambayi mai shi me ya canza tun ranar da injin yake lafiya. Ina yarinya, idan aka ɗauke wuta da yamma injinan unguwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, nakan zauna kusa da shi a kan tabarma yana faɗa mini sunayensu. Wancan mai tari na Sande mai aski ne, fulogi yake so. Wancan mai gurnani na gidan burodi ne, sun ƙi canza masa baƙin mai. Ni a lokacin gani nake unguwarmu wani babban daji ne mai cike da namun ƙarfe, ubana kuma shi kaɗai yake jin yarensu. Na gidanmu shi ya haɗa shi da hannunsa daga gawar injina uku, muna kiransa Dattijo. Daga rumfar Dattijo a bayan gida ya ja wata jar waya mai kauri, ya bi da ita jikin bango da ƙananan ƙusoshi a jere kamar ɗinkin hula, har ɗakin da Umma take ajiye firizoji biyu.

Umma ƙanƙara take yi, da zoɓo da kunun aya. Rabin firiza ta biyu kuwa na maƙwabciyarmu ne, Mama Ladi, mutuniyar kudancin jiharmu, mai sayar da ɗanyen kifi a kasuwa. Tun kafin a haife ni suke tare da Umma. Ran Kirsimeti shinkafarta muke ci, ran Sallah namanmu take soyawa.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa kowa yake ce mini Walida, shi kuma yana ce mini Uwata. Saboda shi na karanci aikin lantarki. Da na gama sai na samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai sa wa mutane sola. Na ƙaunaci aikin tun ranar farko. Ina son yadda hasken safiya yake sauka a kan baƙin faifan sola ba hayaniya ba hayaƙi, ya bi waya ya je ya zama sanyi a cikin firiza. Har 'yan baitoci na riƙa rubutawa a bayan littafin aiki. A makaranta an koya mana cewa ƙasa irin tamu ba za ta taɓa miƙewa ba sai tela da mai aski da mai niƙa sun samu wutar da ba ta yanke musu aiki, kuma na yarda da haka da dukan zuciyata. Har yau na yarda.

Sai shekarar da kuɗin man fetur ya tashi ta zo. Wutar gari kuwa sai ta yi kwanaki ba mu gan ta ba. Dattijo mai ci ne, Baba ya koma tayar da shi sa'a biyu kawai da rana, abin da bai isa ruwa ya daskare ba. Ina dawowa daga aiki in tarar da Umma ta buɗe firiza tana latsa ledojin ruwa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ko za ta dace da wadda ta yi tauri. Mama Ladi ta fara banda kifinta a kan wuta don kada ya lalace, warin hayaƙi ya kama mata zannuwa. A cikin haka muka canza wa wani ofis solarsu da sabuwa, shugabanmu ya ce in kwashe tsofaffin fayafayen da baturan da injin juya wutar, ladan wahalar da na sha a aikin. Na zo da labarin gida ina rawar jiki. Baba yana wanke hannu da kananzir ya ce,

“To, Uwata. Bari in dawo daga Kakau mu zauna mu duba.”

Gona gare su a Kakau shi da yayarsa, Gwaggo Hansai, zai yi kwana huɗu a can. Ban jira ba. A raina kyauta nake shirya masa, ya dawo ya tarar da gida da wuta. Na kira abokan aikina, muka jera fayafayen a kan rufin kicin, don ya fi kowane rufi samun rana kuma ba shi da tsawo. Ko kaɗan ban tuna cewa tun da aka gina gidan a nan mata suke shanya kuɓewa da barkono ba. Da muka zo haɗa firizoji sai jar wayar Baba ta tsaya mana a hanya. Ɗaya daga cikin abokan aikin ya ce mu sa makunnin canji mai sauya wuta tsakanin sola da inji, a bar janareta a matsayin madadi. Na ce ba buƙata, zamaninsa ya wuce. Na ɗauki filaya na datse ta. Ina iya tuna ƙarar, 'yar ƙarama ce, kamar an karya tsinken tsire. Na naɗe guntun da ya rage na rataye a ƙusa.

Ranar da Baba ya dawo, Umma ta tare shi a zaure da ƙanƙara a hannu, tana dariya irin wadda na daɗe ban ji ba.

“Malam, taɓa ka ji! Kamar dutse. Ko ɗigon mai ba mu saya ba.”

Ya taɓa, ya ce masha Allah. Ya shiga ɗakin firiza ya tsaya yana karkata kai, ba abin da ake ji sai ɗan zuuu na firizojin. Idonsa ya bi bango har ya kai inda ƙusoshinsa suka ƙare a kan babu. Ya ɗan jima yana kallon guntun wayar a rataye.

“Wa ya yanke?”

“Ni ce, Baba. Ai yanzu ba a...”

“Aiki ya yi kyau, Injiniya.”

Ya fita ya yi alwala. Daga ranar na zama Injiniya. Bai yi mini faɗa ba, bai ƙi amsa gaisuwata ba, abincin da na dafa ma yana ci. Amma bai ƙara kirana in zauna kusa da shi a tabarma ba, kuma duk lokacin da zai ratsa tsakar gida sai ya kau da kai daga rufin kicin. Ni kuma ƙuruciya da girman kai suka hana ni durƙusawa. Ina ce wa kaina ai alheri na yi.

Alherin kuwa ya bayyana. Ƙanƙarar Umma ta zama ita kaɗai a layin, har ta ɗauki mata biyu suna taya ta ƙulla zoɓo. Mama Ladi ta daina banda, ta ƙaro katan na kifi. Mutane suka fara sallama a gidanmu don su ga abin da idonsu, maza su tsaya a zaure suna leƙen rufi, mata su shigo har ɗakin firiza. Mai cajin waya na bakin masallaci shi ya fara sawa, sai wata tela, sai mai kemis. Duk wanda ya sa, janaretansa ya koma ƙarƙashin gado. Idan na biyo ta gaban shagon Baba da la'asar nakan hango shi a kan benci, hannuwansa tas ba baƙin mai, yana jan carbi yana kallon motoci. Wannan hoton ba ya cikin littattafan da muka karanta. A can an zana mana layin ci gaba yana hawa sama, ba a nuna mana wanda yake zaune a ƙarƙashinsa ba.

Azumi ya kama a tsakiyar zafi a shekarar, lokacin da ƙanƙara ta fi kowane abu daraja da yamma. Aka tura ni aiki Kafanchan na kwana biyar. Washegarin tafiyata Gwaggo Hansai ta sauka a gidanmu daga Kakau da kwanduna uku na tumatir, don ya yi araha a lambu har ana zubarwa. Gwaggo mace ce mai ƙarfi, ba ta san zama ba. Da sassafe ta yayyanka tumatirinta, ta kifa turmi ta taka, ta hau katangar bayan kicin kamar yadda ta saba kowace shekara, ta shimfiɗa shanyarta. Umma ta gan ta, ba ta ga wani abu a ciki ba. Ni ban taɓa zaunar da kowa a gidan na bayyana masa yadda abin yake aiki ba. Na ce musu dai da rana yake yi, rana kuwa ga ta nan tana dukan kowa.

A kwana na uku, wajen azahar, Umma ta kira ni a waya.

“Walida, abin nan naki yana ta kuka tun safe, yanzu kuma ya yi shiru gaba ɗaya. Firiza ta mutu. Ƙanƙara ta fara zuba.”

Ina jiyo Mama Ladi a bayanta.

“Maman Walida, ki ce mata kifina! Jiya na cika shi, Yesu na, jiya jiya!”

Na ce Umma ta karanta mini abin da ke rubuce a fuskar injin juya wutar, ta ce ba komai, baƙi ƙirin. Na ce ta duba makunni, ta duba. Na tambayi ko an yi hadari, ta ce rana kamar ta fasa kai. Duk abin da na sani ya ƙare a nan. Ina tsaye a kan rufin mutane a wani gari, ga azumi, ga hawaye. Daga baya aka ba ni labarin cewa kafin la'asar ƙofar gidanmu ta cika. Masu jiran ƙanƙara da kulolinsu, da masu zuwa kallo. Sande mai aski, wanda saura kaɗan ya sa tasa solar, yana ta faɗa da ƙarfi,

“Na gaya muku! Abin Turawa ne, ba ya jure zafin Kaduna. Baba Janareta, gobe zan kawo maka injina, ka yi haƙuri da mu.”

Ni dai ina kan magana da Umma sai na ji Baba ya karɓi wayar daga hannunta.

“Uwata, ki nutsu. Ki gama aikin mutane. Ina gida.”

Ya kashe kiran. Abin da ya biyo baya Umma da Mama Ladi ne suka ba ni labari, kowace da nata ƙarin gishirin. Ya sauko da guntun jar wayar daga ƙusa, ya feƙe bakinta, ya ƙulla ta inda na datse. Babu mai a gidan, sai na cikin babur ɗinsa. Saboda azumi bai sa tiyo a baki ya zuƙa ba, ya kwance bututun tankin ya tara a galan. Dattijo ya yi wata huɗu a kwance, amma a ja na uku ya yi tari ya tashi. Mama Ladi ta ce ba ta taɓa jin waƙar coci mai daɗin wannan gurnanin ba. Firizoji suka kama. Mutanen ƙofar gida suka yi ta tafi, ana Baba Janareta, Baba Janareta.

Shi kuwa bai fita ya karɓi gaisuwar ba. Ya tsaya a tsakar gida ya yi wa Umma tambayar da yake yi wa duk mai kawo inji.

“Me ya canza a gidan nan tun shekaranjiya?”

“Ba komai, Malam. Sai dai zuwan Yaya Hansai.”

“To ni ce na kashe muku wuta?” in ji Gwaggo daga inda take tankaɗe. “Isiyaku, ka ji matarka.”

Baba ya dubi kwandunan nan uku a jingine, wayam. Ya ɗauko tsani ya kafa a jikin kicin, karo na farko tun da aka sa fayafayen. Umma ta ce ya daɗe a sama, har ta ji tsoro ko jiri ne ya ɗebe shi. Sannan ya ce a miƙo masa tire. Ya sauko da shi cike da yankakken tumatir, ya wuce su duka, ya fita ƙofar gida ya ɗaga shi sama.

“Jama'a, ga abin da ya kashe wutar. Solar Walida lafiyarta ƙalau. An rufe mata ido ne da tumatir. Sande, kai ma in aka shanya maka wannan a fuska ba za ka ga kan da kake askewa ba.”

Aka fashe da dariya. Gwaggo ta leƙo daga zaure, mayafi a karkace.

“To ni ina na sani? Na ga faranti baƙi mai sheƙi, ba tsatsa, ba kashin kaji, ga zafi kamar tanda. Na ce Allah ya yi wa Walida albarka, ta yi mana wurin shanya na zamani!”

“Hajiya Gwaggo,” in ji Mama Ladi, “saura kaɗan ki shanya mini kifi ni ma.”

Baba ya koma sama da bokiti da tsumma, ya wanke fayafayen ɗaya bayan ɗaya, don ruwan tumatirin ya bushe ya manne. A kan tsanin aka kira magariba, a nan Umma ta miƙa masa dabino.

Da na dawo na tarar ya kafa wa Gwaggo gadon shanya na katako da raga a bayan gida. A bangon ɗakin firiza kuma ga makunnin canji, sabo, an ɗaura shi daidai ba karkata, jar waya ta shiga ta gefe guda, tawa ta ɗaya gefen. Na same shi a tabarma bayan la'asar. Na durƙusa na ce,

“Baba, ka yafe mini.”

Ya juya carbinsa ya ce,

“Ba solar ce ta yi mini ciwo ba. Ina da ido, na ga uwarki tana dariya. Da kin jira ni kwana huɗu, da ni zan riƙe miki filayar.” Ya numfasa. “Zan gaya miki wani abu, kada ki ɗauka ubanki waliyyi ne. Da na hau tsanin nan na ga tumatir, na gane ba wanda ya san shi ne dalili sai ni. Hansai ba ta sani ba, uwarki ba ta sani ba. In na sauko na ce abin ba ya ɗaukar zafi, kafin Sallah shagona ya cika. Na tsaya ina wannan tunanin, ina azumi. Na daɗe ina yi.”

“Me ya hana ka, Baba?”

“Sunanki nake ji a bakin mutane a waje. Ban ji daɗin yadda suke faɗarsa ba.”

Labarin tumatir ya zaga Nasarawa har Trikania, kuma ya sayar da sola fiye da duk tallan da kamfaninmu ya taɓa yi. Mutane suka ce abin da mai gyaran janareta da kansa ya shaida, ba ƙarya a ciki. Na roƙe shi ya zo mu yi aiki tare, ya bi ni mako biyu. Hannunsa ya fi na kowa tsabtar aiki, amma ya ce shi abin da ba ya magana bai san ta inda zai tambaye shi ciwonsa ba. Bai yi fushi ba, ya dai koma bencinsa. Manyan injina na gidajen burodi da masu walda sun ci gaba da zuwa jefi-jefi, sai dai ƙananan nan da suke riƙe da shagon kullum sun tafi ba dawowa. Bayan damina ta biyu ya ce zai koma gona a Kakau, inda yake har yanzu, inda kike zuwa kina bin awakinsa.

Sande ne ya karɓi shagon, don nasa ya yi masa kaɗan, ya ƙaro kujeru biyu. Ya ce ni yake so in sa masa sola a rufin. Na ce a ba wani, ba zan iya ba. Da Baba ya ji sai ya aiko a kira ni. Na zo da safe na tarar ya kwashe kayan aikinsa a buhu biyu, ya share ƙasa, ya miƙa wa Sande mabuɗi. Inda injina suka yi shekaru suna zama, baƙin mai ya zana siffarsu a siminti. Na tsaya ina kallon wurin. Ya ɗauko tsanina daga mota da kansa, ya kafa a jikin bango, ya gwada shi da ƙafa, ya sa hannu biyu ya dafe.

“Rana tana yi,” ya ce. “Hau, na riƙe.”

Na hau.